Dutse ko mamatsi: me zai yi wa faifan garmahon da ya lanƙwashe?

Wani ɗanmu mazaunin Jidda ya rubuto yana cewa: "Baba, na gaji kwali biyu na fayafayan garmaho daga mahaifina, wasu da su ya zo daga Kano, wasu a nan ya saya, har da na karatun Alƙur'ani bugun Masar. Da yawansu sun lanƙwashe, allura tana hawa tana sauka, wani lokaci har ta yi tsalle. Na ga ana tallan wani ƙarfe mai nauyi da ake ɗorawa a tsakiyar faifai, da wani kuma da ake murɗawa ya matse shi. Wanne zan saya, kuma zai miƙar min da su?"

Allah ya jiƙan mahaifinka, ɗana, ya sa ya huta. Na ji daɗi da ba ka watsar da kayan nan ba.

Abin da zan fara gaya maka shi ne, daga dutsen, wato ƙarfen mai nauyi, har mamatsin, wato na murɗawar, babu wanda yake warkar da faifai. Aikinsu riƙewa ne kawai, muddin faifan yana juyawa a kan faranti, wato mazaunin faifai a garmaho. Da zarar ka ɗage ƙarfen, faifai ya koma yadda yake. Riƙewar ma ba kowace irin lanƙwasa take yi wa amfani ba, kuma ba kowane garmaho ne yake ɗaukar nauyi ba. Don haka kafin ka fitar da riyal ko ɗaya, akwai abu biyu da za ka duba da idonka: yanayin lanƙwasar fayafayanka, da irin garmahon da ke ɗakinka.

Mu fara da faifan. Samu teburin gilashi, ko ka kwantar da madubi, ka goge shi tas. Ɗora faifai a kai, ka durƙusa har idonka ya zo daidai da bakin teburin. Za ka ga ɗaya daga cikin abu uku. Wani faifan ya zama kamar kwano: in ka ajiye shi ta fuska ɗaya, tsakiya ta zauna baki ya ɗage ko'ina, in ka juya shi sai ya kife, baki ya zauna tsakiya ta tashi. Wani kuma tsakiyarsa lafiya lau, a wuri ɗaya ko biyu ne bakin ya yi ɗan tudu mai faɗi. Na uku shi ne wanda zafi ya taɓa kai tsaye, ya yi ƙunci a wuri guda, tudun gajere ne amma mai tsini, wani lokaci ma za ka ga ƙyallin wurin ya bambanta da na sauran jikin faifan. Ka riƙe katin banki a hannu, kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba, ka riƙa zura shi ƙarƙashin inda ya ɗage. Idan kati ɗaya ko biyu ne suke shiga, a ganina kada ka damu kanka, hannun garmahon da aka saita da kyau zai bi wannan ba tare da gardama ba. Idan sai ka haɗa kati huɗu ko biyar, to nan ne maganarmu ta taso.

Dalilin da ya sa lanƙwasa take ɓata sauti ya kamata ka san shi, don shi zai nuna maka iyakar abin da ƙarfe zai iya. Babban faifai, irin wanda kamfanin Columbia ya fito da shi a 1948, yana yin zagaye 33 da sulusi a minti ɗaya, wato kowane zagaye daƙiƙa 1.8. Allurar da ke bin tsagarsa nauyin da take dannawa da shi bai wuce giram 1.5 zuwa 2.5 ba a yawancin garmahon gida. Idan tudu ya iso, allura tana danna tsaga fiye da ƙima wajen hawa, sannan ta yi sakayau wajen gangarowa, kuma a gangarowar nan ne take tsalle. Hawa da saukar yana sa allura ta ɗan matsa gaba ta dawo baya a kan tsagar, sai murya ta riƙa rawa. A kan faifan kiɗa mai ganguna da sauri ba lallai ka lura ba. A kan faifan karatun da ka ambata kuwa, inda mai karatu yake jan madda, za ka ji muryar tana lilo sau ɗaya a kowane zagaye. Ga kuma wani abu: cire murfin lasifika ka kalli babban bakinta. Idan yana shiga yana fita a hankali ba tare da ka ji sauti ba, lanƙwasar ce take tura shi, amfilifaya tana ƙona ƙarfinta a kan girgizar da kunne ba ya ji. Da yawa daga cikin tsofaffin amfilifayoyin Japan suna da maɓallin da ke yanke sautin da ke ƙasa da abin da kunne ke kamawa, kusan girgiza 20 a daƙiƙa. In naka yana da shi, danna shi, kyauta ne.

Yanzu dutse. Dunƙulen ƙarfe ne kawai mai rami a tsakiya, ana zura shi a ƙusar faranti ya zauna a kan takardar tsakiyar faifai. Yawanci daga giram 200 ne zuwa 800, alhali faifan kansa giram 120 ne zuwa 140, masu kaurin nan na zamani kuma 180. Inda dutse ya fi yin aiki shi ne fuskar da faifai ya kife, tsakiya ta tashi. Kana ɗora shi za ka ga tsakiyar ta nutse, faifai ya kwanta sumul, hannun garmaho ya daina rawa. To amma faifai fuska biyu gare shi. Ka juya ɗaya fuskar, tsakiya dama a zaune take, baki ne a sama, dutse ba shi da abin da zai danna. Idan ma shimfiɗar da ke kan farantinka mai laushi ce, ta roba mai kauri ko ta ulu, sai dutsen ya ƙara nutsar da tsakiyar cikin shimfiɗa, baki ya ƙara ɗagewa. Na sha ganin wannan a hannun mutanen da suka kawo gyara suna cewa tun da suka sayi dutse waƙar farko ta fi yin tsalle. Gaskiyarsu ne, kuma dalilin ke nan.

Mamatsi shi ba da nauyinsa yake aiki ba. Yana kama ƙusar faranti ne, ka danna shi kaɗan ka murɗa, ya riƙe faifan a matse. Wasu garmahon, irin na kamfanin VPI na Amurka da Oracle na Kanada, ƙusar tasu tana da zare, mamatsin yana ɗauruwa a kai kamar noti. Wasu mamatsan kuma, irin na Michell na Ingila, suna da ɗan baki a ciki da ke tsukewa ya kama ƙusa ko da ba ta da zare. Fifikon mamatsi yana cikin wata ƙaramar dabara. Ana zura siririyar washa ta roba ko ta ulu a ƙusa kafin a ɗora faifai, sai tsakiyar faifan ta ɗan tashi. Ƙasan mamatsin kuma a rarake yake, gefensa kaɗai ke taɓa takarda, a wajen da'irar washar. Idan ka matse, faifan ya lanƙwaso ƙasa daga tsakiya zuwa baki, sai bakin da ya ɗage ya sauko ya taɓa faranti. Wannan ita ce hanya mafi sauƙi da na sani ta kwantar da fuskar da dutse ya gaza. Sai dai a yi a hankali. Ka riƙa murɗawa kana kallon bakin faifan, da ya taɓa shimfiɗa ka tsaya. In ka zarce, sai ka ga bakin ya sake tashi, kuma ramin tsakiya yana iya tsagewa in abin ya yi yawa. Kaurin washa ma sai an gwada, milimita ɗaya zuwa biyu, gwargwadon zurfin ramin da aka yi wa farantin don takardar tsakiya.

Faifan da bakinsa ne ya yi tudu a wuri guda, daga dutse har mamatsi kaɗan suke rage masa, don ƙarfinsu a tsakiya yake, tudun kuwa yana can nesa da santimita goma sha. Maganinsa zobe ne na ƙarfe mai faɗin faifan, wanda ake kifawa ya kama bakin ko'ina. Yana aiki sosai, amma yana da nauyi, sau da yawa fiye da kilo guda, yana da tsada, dole faɗin farantinka ya dace da shi, kuma ranar da hannunka ya kuskure ka sauke allura a kan zoben maimakon faifai, allurar ta tafi. Akwai ma garmahon da ke zuƙe iskar da ke ƙarƙashin faifai ya manne da faranti, irin na kamfanin SOTA, amma wannan sai mai hali. Ba zan ba ka shawarar ko ɗaya ba saboda kwali biyu na gado. Shi kuwa faifan da zafi ya ƙuntata, tsagar kanta ce ta lalace, babu ƙarfen da zai maido ta. Ka tsallake waƙar da abin ya shafa, ka saurari sauran.

Sai garmahon. Ka ɗaga shimfiɗa da faranti, in yana ɗaguwa, ka leƙa. Idan farantin a kan injin yake zaune kai tsaye, babu bel, kamar Technics SL-1200 da ya fito a 1972 da danginsa, to wannan yana da ƙarfin juyi, kuma na'urar cikinsa tana daidaita gudu da kanta. Dutse mai giram 300 zuwa 400 ba zai dame shi ba. Idan kuwa bel ne ke jan farantin, da ɗan ƙaramin inji da faranti maras nauyi, to ka tuna duk nauyin nan a kan ɗan ƙwallon ƙarfe ko ɗan tsinin da ke ƙasan ƙusa yake sauka, a cikin ɗigon mai. An ƙera wurin ne don nauyin faranti da faifai. Ka ƙara masa rabin kilo kullum, zai ci kansa da wuri, sai ka fara jin gurnani a ƙarƙashin sauti, bel ɗin ma ya riƙa santsi wajen tashi har ya saki. Garmahon da ya shekara arba'in, wanda mai ya bushe a cikinsa saboda zafin ƙasar nan, shi ya fi shiga haɗari. A wanke wurin a ɗiga sabon mai kafin a yi zancen ƙara nauyi.

Iri na uku shi ne wanda faranti da hannu suke rataye a kan sifirin, kamar Thorens TD-160 da Linn Sondek LP12. Za ka gane shi in ka danna ƙusar tsakiya da yatsa: faranti da hannu za su nutse tare su dawo. An saita sifirin ɗin nan ne daidai da wani nauyi. Ka ɗora dutse, farantin ya nutse, ya karkata, bel ya sauka daga mazauninsa, wani lokaci har ƙasan farantin ya riƙa gogar katako. Wannan ba a sa masa dutse. Mamatsi maras nauyi kaɗai, shi ma ka tallafi farantin da ɗaya hannun lokacin da kake dannawa. Garmahon nan mai doguwar ƙusa da ake jera fayafayai suna faɗowa ɗaya bayan ɗaya, wanda ya cika gidajen iyayenmu, shi ka bar shi yadda yake, kada ka sa masa komai.

Tunda ka ce wasu kayan daga Kano suka zo, bari in ratse in faɗi wani abu da ke rikita mutane a nan. Wutar Najeriya da ta Sudan da ta Ingila tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, ta Saudiyya sau 60. Yawancin tsofaffin garmaho masu bel ko masu ƙaramar tayar da ke juya faranti da wannan kaɗawar suke auna gudunsu. Wanda aka ƙera don wutar 50, in ka jona shi a Jidda, zai ƙara gudu da kashi 20 cikin ɗari, zagaye 33 ya koma 40, muryar dattijo ta koma ta saurayi. Na ga wanda ya sayi dutse mai nauyi don ya rage wannan gudun. Ba zai rage ba, wahalar da injin kawai zai yi. Sauya ɗan ƙarfen da bel ke ratayawa a kan injin ake yi, a sa na wutar 60. Duba bayan garmahon, a rubuce yake. Haka kuma in muryar tana lilo amma hannun garmaho gefe da gefe yake kaiwa da komowa, ba sama da ƙasa ba, to ramin faifan ne ba a huda shi daidai tsakiya ba tun daga masana'anta, wannan ma ba aikin dutse ba ne.

Game da abin da masu talla ke faɗi, cewa dutse yana gyara sauti ko a kan faifai lafiyayye, akwai ƙanshin gaskiya a ciki. Allura tana girgiza faifan da kansa yayin da take bin tsaga, in ɗakin shiru ne za ka ji 'yar ƙaramar murya tana fitowa daga kan allurar ko da lasifika a kashe. Faifan da ya manne da faranti yana zubar da wannan girgizar cikin farantin maimakon ta dawo wa allura, kuma ba ya zamewa a kan shimfiɗar ulu. Ni kunnena yana jin ɗan bambanci a ƙananan sautuka, suna ƙara tsayuwa. Amma bambancin bai kai wanda za ka samu in ka wanke fayafayan, ka sauya tsohuwar allura, ka daidaita garmahon a kan teburi da ma'aunin ruwa ba. Waɗannan ukun su ne gaba da sayen kowane ƙarfe.

In ka tashi saye, mamatsi mai washa nake zaɓa maka, don yana yi wa fuska biyun aiki kuma ba ya ɗora wa garmaho kaya. Ka auna tsawon ƙusar da ta rage a saman faifai, in bai kai kusan santimita ɗaya ba mamatsin ba zai samu abin kamawa ba, ko ka sa shimfiɗa siririya ko ka koma dutse mara nauyi. Faɗinsa kada ya wuce santimita 8, domin takardar tsakiya santimita 10 ce, kuma kan allura yana matsowa dab da ita a ƙarshen faifai, kada ya yi karo da ƙarfe. Ka duba ko murfin garmahon zai rufu a kansa. Ka zaɓi na alminiyam ko tagulla, ko ƙarfen da maganaɗisu ba ya kamawa, don akwai maganaɗisu a cikin kan allura, a wasu ma mai ƙarfi ƙwarai. In dutse ka fi so, masu injin fiƙe ƙarfe a Sina'iyya, unguwar masu sana'ar ƙarfe da gyare-gyare, za su iya yi maka na tagulla: rami milimita 7.3 a tsakiya cif, a manna ulu ko fata a ƙasa don kada ya ci takarda. In ramin ya kauce ko kaɗan, dutsen zai riƙa jan ƙusa gefe a kowane zagaye, gara babu shi. Kuma kullum faranti a tsaye ake ɗorawa a cire.

Ka binciki kwalayen nan da kyau, domin mai yiwuwa akwai tsofaffin fayafayai masu zagaye 78 a ciki, masu nauyi da tauri, waɗanda ba sa lanƙwasuwa in ka taɓa su. Ba da roba aka yi su ba, da wani irin ƙaro ne, kuma fashewa suke yi. Kada ka kuskura ka matse su da komai, ko da sun karkace. Ƙananan nan masu zagaye 45, waɗanda RCA Victor ya fito da su a 1949, su ma ba su buƙata.

Saura miƙarwa ta dindindin, wadda ita ce ainihin abin da zuciyarka ke so. Ana yi, amma da haƙuri. Wanke faifan ya bushe sarai, don duk ƙurar da ka bari za ta nutse cikin tsaga. Sa shi a sabuwar riga ta ciki, ka kwantar tsakanin gilasai biyu masu kauri da suka fi shi faɗi, ka jera littattafai a kai daidai wa daida, ka manta da shi a cikin ɗaki makonni, wani lokaci watanni. Wasu suna miƙewa, wasu su rage, wasu su ƙi. Za ka ga masu cewa a fitar da gilasan rana na 'yan mintoci. Masu wannan shawara a ƙasashen sanyi suke. Robar faifai tana fara laushi ne tun wajen digiri 60, baƙin faifai a ƙarƙashin gilashi a ranar Jidda kuwa zai wuce haka kafin ka sha shayi ka dawo, kuma tsaga in ta narke ta narke ke nan. Tanda da dutsen guga da na'urar busar da gashi duk ka nisance su. Akwai injinan da aka yi don wannan aikin, irin na ORB da Furutech na Japan, suna ɗumama baki da tsakiyar faifai a hankali su bar shi ya huce cikin awoyi. Suna yi, amma kuɗinsu ya fi na garmahon mutane da yawa, kuma faifan da ya miƙe ma wani lokaci yana barin ɗan huci a inda tudun yake. Duk wanda za ka gwada, ka fara da faifan da ba za ka yi kukan rashinsa ba. Wanda ka san ba za a sake samun irinsa ba, musamman bugun gida na mawaƙanmu, ka fara naɗar sautinsa a kwamfuta yadda yake, da mamatsi a kai, kafin ka yi masa wani abu.

Waɗanda ba su riga sun lanƙwashe ba su ne suka fi ba ni tausayi, domin a kwali suke, kuma na san inda ake ajiye kwali a gidajenmu: saman kabad, ko ɗakin kan soro, ko sito inda mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ba ya kaiwa. Ka fitar da su yau. A tsaye ake jera faifai, kusa da juna ba tare da matsi ba, kada su jingina a karkace, kada a kwantar da su a ɗora wani kan wani. Ka nisanta su da bangon da rana ke duka da yamma da kuma taga. In za ku yi tafiya hutu ku kashe mukayyif, ka mai da su ɗakin da ya fi sanyi a tsakiyar gida, ƙasa-ƙasa, amma kada su taɓa daɓe. Raɓar Jidda tana sa rigunan takarda su yi fumfuna, saboda haka ka sauya na ciki da na leda waɗanda aka yi don faifai. In ka je Harajin Sawarik, kasuwar tsofaffin kaya ta Jidda, ka yi sa'ar wani faifan, ka riƙe shi a gaba wajen sanyi, kada ka jefa shi a but ka tsaya cin abinci, motar da aka rufe a rana cikinta yana haura digiri 60.

Ka turo min sunan garmahon da lambarsa kamar yadda aka rubuta a baya, da hoton faifai ɗaya a kan gilashi ta gefe, fuska biyun, zan gaya maka kaurin washar da za ka fara gwadawa.